Waken Soyan Rariya

A cibiyar binciken iri babu mai kiran ta Rariya a gaban idonta, amma har masu gadi sun san sunan. Ita ce shugabar ɗakin gwaji. Duk irin da za a sayar wa manoma sai an kawo mata samfurinsa, ta jera ƙwayoyin a kan jiƙaƙƙiyar takarda, ta rufe a tire, ta jira. Wanda ya tsiro yadda ya kamata ya wuce. Wanda ya gaza kuwa, ko na wane ne, a mayar wa mai shi. An sha turo mata manyan mutane su ba ta baki. Takan bari su gama tsaf, sannan ta buɗe tiren ta tura gabansu ta ce, "Ga shi nan, ku roƙe shi ya tsiro."

Ƙaninta ma a ƙarƙashinta yake aiki. Auta take ce masa, a gida da ofis, duk da ya yi aure har da 'ya'ya biyu. Iyayensu sun rasu yana firamare, ita ta riƙe shi. Ita ta zaɓar masa karatun aikin gona lokacin da shi zanen gine-gine yake so, ita kuma ta samar masa aikin. Aurenta bai daɗe ba ya mutu, ba ta haihu ba, saboda haka duk abin da take da shi na so da na faɗa a kansa ya ƙare. Idan ya jera iri a karkace sai ta ɗaga tiren a gaban ɗalibai ta ce, "Auta, da hannu ka yi wannan ko da ƙafa?" Ɗalibai su sunkuyar da kai suna danne dariya, shi kuma ya yi murmushi ya karɓi tiren ya sake.

Ban da gwajin irin mutane, tana da nata aikin da ta fi shekara goma a kansa, wato waken soya. Ta yi ta haɗa iri da iri tana zaɓe, har ta samu wanda yake zuba 'ya'ya ko ruwa ya yi ƙaranci, kuma kwansonsa ba ya fashewa ya zubar da wake a gona. Sauran dangoginsa, ɗaruruwa, suna cikin ƙananan ambulan a ɗakin sanyi, makullin yana rataye a wuyanta. Abu ɗaya ya rage mata ta sani: ko irin zai jure zaman rumbu. Akwai akwatin zafi da ake sa iri a ciki na 'yan kwanaki, ya sha zafi da laima kamar wanda ya yi watanni a sito, sannan a gwada tsirowarsa. Wata Asabar da ba kowa ta zo ta buɗe tirenta ita kaɗai. Fiye da rabin waken ya ruɓe, ya yi furfurar funfuna. Ɓawon waken ya cika siriri, shi ne matsalar. Ta juye waken a kwandon shara ta wanke tiren, da niyyar ta sake gwajin kafin ta faɗa wa kowa.

Ba ta sake ba. A makon ne sakamakon asibiti ya fito.

Ta jima tana jin kullutun a mamanta na hagu, tana cewa sai an gama girbi. Likitar, wata doguwar mace mai magana a hankali, ta juyo da fuskar kwamfuta ta nuna mata hoton. Ta ce kansa ce, kuma ta kai har ƙarƙashin hammata. Za a fara da kemo, maganin da ake ƙarawa ta jijiya, in ƙarin ya motse sai a yi tiyata.

"Cikin ɗari, nawa ke tashi?" Rariya ta tambaya.

"Malama, mutane ba lissafi ba ne."

"Ni ma'aikaciyar ɗakin gwaji ce, likita. Faɗa min."

Likitar ta faɗa mata. Adadin bai kai wanda ita take yarda a sayar da iri a kansa ba.

Auta ya tsaya mata, wannan babu mai musu. Shi yake kai ta, ya zauna a kujerar roba kusa da ita ruwan maganin yana ɗiga. Idan amai ya taso shi ke riƙe roba. Da gashinta ya fara zuba a kan matashi, shi ya kawo almakashi ya ƙarasa, ya share. Matan da ke kwance a layin gadajen suna cewa, "Baiwar Allah, kin yi dace da ɗa." Ta ce, "Ƙanina ne," su ce to wannan ai ya fi ɗa.

Wata rana tana kwance ido rufe ta ji shi a bakin ƙofa yana tambayar wani ƙaramin likita ƙasa-ƙasa. Ba ta ji amsar ba. Ta dai ji Auta ya yi salati, ya daɗe bai shigo ba. Da ya shigo ya gyara mata bargo, ya ce, "Yaya, makullin nan yana gurje miki wuya, ga allura a wajen. Kawo in riƙe miki." Bakinta duk gyambo ne a lokacin, ko ruwa da ƙyar take haɗiya. Ta sunkuyar da kai ya zare igiyar.

Daraktan cibiyar ya zo duba ta sau ɗaya, da ledar lemu wanda ba ta iya sha. Mutum ne mai ƙiba da yawan dariya. Ya zauna nesa da gadon kamar ciwon zai yi tsalle ya kama shi. Ya ce kada ta sa aiki a ranta, an ba Auta riƙon ɗakin gwaji, ai duk gida ne. Ta so ta yi maganar akwatin zafi, ta ce, "Waken nan, akwai sauran..." Darakta ya ɗaga hannu ya ce, "A'a, a'a, Malama! Ke da wake kuma? Ki nemi lafiya tukuna." Auta ya ce, "Na gaya maka, ko a mafarki wake take kira." Suka yi dariya tare. Magana ciwo take mata, sai ta ce a ranta akwai lokaci.

Watanni suka wuce a haka. Ta rame har zobenta ya daina zama, farcenta ya yi baƙi. Sai kuma abin ya juya. Ranar da aka sake hoto, likitar ta shigo da saurin da ba a san ta da shi ba, tana murmushi har haƙoranta suka fito.

"Malama, zo ki gani da idonki. Ya motse fiye da yadda na zata. Na hammatan ma ba na ganin su. Za mu yi tiyata, kuma ina da kyakkyawan fata."

Rariya ta juya ta kalli ƙaninta don su yi murna tare. Yana tsaye da jakarta a hannu, bakinsa a ɗan buɗe. Abin da ta gani a fuskarsa ba ta taɓa mantawa ba: fuskar mutumin da aka ce masa motar da ya sayar mai ita ya dawo. Bai fi ƙiftawar ido ba ya gyara, ya ce, "Alhamdulillahi. Kai, alhamdulillahi." Sannan ya tambayi likitar, "Amma yana iya dawowa, ko?"

Likitar ta dube shi ta ce, "Komai yana iya dawowa. Yau dai murna muke."

Suka shiga mota. Ya kunna rediyo, ta miƙa hannu ta kashe.

Aka yi tiyatar, aka cire maman. Ta yi jinya a gidanta, gwaggonsu tsohuwa tana kula da ita. Zuwan Auta ya ja baya, kullum aiki ya yi yawa. Da ta ji ƙarfi ta iya ɗaga hannun hagu har kafaɗa, sai wata safiya ta ɗaura ɗankwali a kan ɗan gashin da ya fara tofowa, ta cusa auduga a rigar mama, ta tari tasi zuwa cibiyar ba tare da ta gaya wa kowa ba.

Mai gadi ya miƙe zumbur har kujerarsa ta faɗi. A zauren shiga ta ga hotonta a bango, babba, cikin baƙin firam, irin wanda ake yi wa waɗanda suka riga mu. A ƙasansa an ajiye kwalba cike da waken soya. Wata sakatariya da ta fito da kofin shayi ta tsaya cak, ta ce, "Malama... ashe... sannu da jiki," ta juya da gudu-gudu.

A hanyar ɗakin sanyi ta ci karo da buhuna a jingine a baranda, inda rana take duka da yamma. Ɗaya ya yage. Ambulan ɗinta ne a ciki, da rubutun hannunta, raɓa ta jiƙa su sun bushe sun sake jiƙa. Ta ɗauki ɗaya ta zazzage a tafin hannu. Gari ne da ƙwari. Wani ma'aikaci ya ce mata, ido a ƙasa, an buƙaci wurin ne don ajiye irin da za a raba, shugaban riƙo ya ce waɗannan ba a zaɓe su ba, ba su da sauran amfani.

Ta sami Auta a ofishinta. Ya sake labule, ya juya tebur ya fuskanci taga. Ya miƙe ya ce, "Yaya! Ai da kin kira na zo na ɗauke ki."

"Wa ya fitar min da iri rana?"

"Zauna tukuna."

"Na ce wa ya fitar min da iri?"

Ya rufe ƙofa. Ya gaya mata komai a tsaye, muryarsa ba ta rawa. Ya kai waken gaban kwamitin fitar da sabon iri, an amince. An ninka shi a gonar cibiya da noman rani, an cika sito, damina na faɗuwa za a raba wa manoma. A takardun sunansa ne a gaba, amma an sa wa irin sunanta don tunawa da ita. An kuma tabbatar masa da kujerar. Ita, an nemi a yi mata ritaya saboda rashin lafiya, da cikakken haƙƙinta.

"Tunawa da ni," ta ce. "Ga ni a tsaye."

"Yaya, an ce min ba za ki ga damina ba. Likita ya faɗa min da bakinsa. Me kike so in yi? In zauna in jira wani ya zo daga waje ya kwashe?"

"Sai ka riga shi."

"Na riƙe miki robar amai," ya ce, yanzu muryar ta fara hawa. "Na share gashinki. Na yi miki kuka, wallahi na yi, a mota, ni kaɗai. Na gama kukan, na saba, na tsara rayuwata. Karon farko tun ina yaro na shigo ɗaki ba na jiran a ce min da ƙafa na yi aiki. Yanzu kin dawo kina tambaya ta wa ya taɓa miki kaya."

"To ka yi haƙuri da ban mutu ba."

Bai ce a'a ba. Ya kalli taga.

Maganar akwatin zafi tana kan harshenta. Ta ma buɗe baki. Ta san bai yi gwajin ba, tun yana ɗalibi yake cewa ɓata lokaci ne. Ta san ya gwada waken ne yana sabon girbi, lokacin da kowane iri yake tsirowa, kuma ta san yadda siton cibiyar yake zama kamar tanda kafin ruwa ya sauka. Kalma kaɗan ta isa, a ɗebo samfuri a jera a tire, cikin mako a gani.

"Akwai wani abu kuma?" Auta ya ce, yana duba agogo. "Ina da taro. Direba zai mayar da ke. Kuma don Allah, Yaya, in za ki zo ki riƙa sanarwa, mutane sun tsorata."

Ta rufe bakinta. Ta ce, "Babu komai. Allah ya sa albarka."

Ta koma gida ta zauna. Ta ga an nuna bikin raba irin a talabijin, Auta da sabuwar riga yana miƙa wa wani manomi buhu, Darakta yana tafi. Gwaggo ta ce, "Kin ga ɗan naki, ya zama mutum." Rariya ta ce, "Na gani," ta ci gaba da matsa ƙwallon robar da aka ba ta don motsa hannu. Sau biyu ta ɗauki waya. Sau biyun ta tuna tambayar nan, amma yana iya dawowa ko, sai ta ajiye.

Ruwa ya sauka, aka shuka. Mako ya zagayo, gonaki suka fito kamar kan mai ƙwarƙwata da aka yi wa aski da reza marar kaifi, nan tsiro, can fili. Manoma suka tona suka tarar da wake ya ruɓe a rami. Wasu suka sake shukawa da ragowar buhun, abin ya maimaita. Kafin su gane su nemi wani iri, lokacin shuka ya wuce. Suka zo cibiyar a motocin ɗaukar kaya, suka juye buhuna a bakin ƙofa, suka fasa gilashin zaure.

Darakta ya zo gidanta, wannan karon babu lemu, kuma ya zauna kusa. Ya ce ashe ba a ma kammala takardun ritayar ba, ikon Allah. Ya ce an kafa kwamitin bincike, kuma babu wanda manoma da hukuma za su yarda da maganarsa sai ita. Ya ce shi tun farko hankalinsa bai kwanta da gaggawar yaron nan ba.

Gwaggo ta biyo ta har ɗaki tana kuka. "Ke kika goya shi. Ki rufa masa asiri, ko don yaran nan."

"Gwaggo, aiki aka kira ni."

A zauren taro aka zauna, manoma cike da bayan ɗakin, Auta shi kaɗai a ƙaramin tebur. Rariya ta sa an kawo tire biyu na gwajin irin da aka raba. Ba ta ɗaga murya ba ko sau ɗaya. Ta tambaye shi yaushe ya gwada tsirowar irin. Ya faɗa. Ta tambaye shi wata nawa irin ya yi a sito bayan nan, da ko ya sake gwadawa kafin a raba. Ya ce a'a. Ta tambaye shi mene ne amfanin akwatin zafi, ta ce ya yi bayani da ƙarfi yadda na baya za su ji. Ya yi, kamar ɗalibi, gumi yana bin wuyansa. Ta ce to me ya hana shi amfani da shi. Ya sunkuyar da kai. Ta buɗe tiren, warin ruɓaɓɓen wake ya cika wurin, ta ce a zagaya da shi kowa ya gani. Sannan ta tambaye shi ina sauran dangogin irin, waɗanda a cikinsu akwai masu kaurin ɓawo da za a iya gyara wannan da su. Ya ce an zubar. Ta ce ba ta ji ba. Ya sake faɗa.

Wani dattijo daga cikin manoman ya miƙe, hularsa a hannu. Ya ce shi duk gonarsa ya shuka, har da ta marayun ɗan'uwansa, don an ce masa irin Malama ne, kuma kowa ya san Malama ba ta sakin abin banza. Ya ce, "Tambayata ɗaya. Duk gidan nan, da masu ilimi haka, babu ko mutum ɗaya da ya san abin nan zai faru?"

Auta ya ɗago kai ya kalle ta. Ta ga ya gane, a lokacin nan ya gane, ya tuna maganar da ta fara a gadon asibiti aka katse ta da dariya.

Ta dubi dattijon ta ce, "Babu, Baba. Ni ina kwance."

Aka kori Auta a ranar. Darakta bai rasa komai ba. A baranda, kusa da inda buhunan suka taɓa zama, Auta ya tare ta da kwalin kayansa a hannu.

"Kin sani."

"Ka tambaye ni?"

"Gonakin mutane ne, Yaya. Ni kike so, to ga ni, amma su me suka yi miki?"

"Kai ka raba musu."

Ya dube ta ya ce, "Da ma kin mutu ɗin." Ta ce, "Ka riga ka faɗa min," ta wuce shi.

Ya sayar da motarsa, ya kwashe iyalinsa suka koma garin surukansa, inda aka ce yana tsaron shagon kayan gini. Gwaggo ta tattara ta bi su, ta ce ba za ta iya kwana gida ɗaya da mai irin wannan zuciya ba. Rariya ta koma kujerarta. Ta fara aikin waken daga farko, da 'yan ƙwayoyin da ta roƙo daga wata cibiya, tana sane da cewa shekarun da aikin yake buƙata sun fi waɗanda suka rage mata a ofis. Hannun hagun yana kumbura in ta daɗe a tsaye. Hoton asibiti dai yana fitowa lafiya.

Bayan girbi, wanda bai girbi komai ba, dattijon nan ya dawo cibiyar neman irin masara. Ya ce sai ya gan ta. Ya rame, ya ce ya sayar da shanun huɗarsa, babban ɗansa ya tafi birni neman aikin leburanci. Amma ba kuka ya kawo ba. Ya ce ya zo ya yi godiya, don a zamanin nan samun wanda zai faɗi gaskiya a kan ɗan'uwansa na jini sai an tona. Ya ɗaga hannu ya yi mata addu'a doguwa, Allah ya ƙara lafiya, ya raba ta da ciwon nan har abada, ya saka mata daidai da abin da ta yi musu.

Ma'aikata suna tsaye suna kallo. Ta shafa ta ce, "Amin, Baba." Sannan ta sa aka auna masa masarar.